Magaryar Iya Ladi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iya Ladi ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina bakin titi ina jiran motar haya ta danfo, buhun taki a gefena. Jikanta Nasiru ne ya kira. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya Sabi'u, Iya ta tafi. Ka zo, mata na tambayar ganye."

Wanda bai san gidan ba, ba zai gane wane ganye ake nufi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan yanzu da muka dawo daga maƙabarta, ƙasar ma ba ta gama fita daga farcena ba.

Iya Ladi ba kakata ba ce ta jini. Maƙwabciyarmu ce a Zangon Agege, nan Legas, katanga ce kawai tsakaninmu. A nan aka haife ta tun zamanin jirgin gawayi, kuma ita kanta ba ta san shekarunta ba. In ka matsa mata da tambaya sai ta ce, "Na dai girmi kwaltar unguwar nan, ka je ka tambaye ta."

Tun ina yawo ba wando take ce mini angonta. Na girma, na yi gemu, gemun ya fara furfura, ba ta sake ni ba.

Lokacin da mahaifiyarmu ta yi doguwar jinya a asibiti, a tukunyar Iya muka ci. Ba ta taɓa aiko mana da abinci ba, cewa take a zo a taya ta ci, wai ita ba ta iya ci ita kaɗai. Sai da na girma na gane dabara ce don kada mu ji kamar sadaka ake ba mu.

Masu bibiyata a nan sun san sana'ata. Gyaran fili nake yi: shuka ciyawa da fulawa, shimfiɗa bulon daɓe na intalok, fitar da hanyar ruwa a gidajen mutane. Ranar da na fara, Iya ta zagaye unguwa tana shela wai angonta ya zama injiniyan ciyawa. Har yau akwai masu kirana da sunan.

Aikin hannu a wajen ogana na koya, wani mai lambun fulawa a bakin titi. Amma yadda ake kallon fili, a tsakar gidan Iya na fara koyonsa, tun ban san abin da nake koyo ba.

Ba gida ne na ɗaukar hoto ba. Ko fulawa ɗaya babu. Sai dai komai nasa ya saɓa da na sauran gidajenmu, kuma ni tun ina yaro abin da ban gane ba ba ya barina in huta.

In ka fito daga zaure, hanya ba ta miƙe ba, sai ta yi kwana kamar tana kauce wa wani. Ƙasar ba a baje take ba, ta ɗan tasa a tsakiya sannan ta gangara bayan gida, alhali kowa a layinmu titi yake tura ruwansa. Mangwaron da ake zama a ƙarƙashinsa an tura shi can jikin katangar yamma. Tsakiyar gida kuwa, wurin da ya fi ko'ina daraja, an yi tudu ya kai gwiwa, an ɗora wata magarya a kai. Gajeruwa, karkatacciya, sai ƙaya. Inuwarta ko akuya ba za ta isa ba.

Ga wani abin kuma. In an yi ruwa irin na Legas, mu muna fama da bokiti muna kwarfa, ita kafin a daɗe har ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Na ce, "Iya, wa ya tsara gidan nan?"

Ta ce, "Babana."

"To me ya sa ya ba wannan mai ƙayar tsakiyar gida?"

"Ai ita ce mai gidan. Mu 'yan haya ne."

Shekara da shekaru iyakar amsar da nake samu ke nan. Sai wata rana, na riga na fara sana'a, na same ta tana tsince goro tana ware masu tsutsa. Ban ma tambaya ba, ita ta ɗauko labarin da kanta.

Babanta, Malam Garba, goro ya biyo daga ƙasar Kano a jirgin ƙasa. Fataucin bai karɓe shi ba, sai ya samu aikin lebura a reluwe: yankan ciyawa, askin shinge, shafa wa duwatsun bakin tasha farar ƙasa. Ya je gida ya yi aure ya taho da matar Zango, a nan aka haifi Ladi.

Tana famfara mahaifiyarta ta rasu.

Matan da za su yi wankan gawa suka ce a kawo ganyen magarya, kamar yadda ake yi a gida. Aka zagaye Zango kaf, babu. Wanda wasu suka zo da shi busasshe daga Arewa ya ƙare. Jirgin da zai iya kawowa sai bayan kwanaki, gawa kuwa ba ta jira. Aka yi mata da ruwa da sabulu.

Liman ya ce wa Malam Garba wankan ya yi, ba abin da ya ragu a addini. Ya ce, "Na ji, Malam." Iya ta ce ya ji ɗin, amma zuciyarsa ba ta ji ba. Abin da ya tsaya masa shi ne ya rabo matar nan da garinsu, ya kawo ta inda ko ganyen sallama bai iya sama mata ba.

Akwai wani ɗan garinsu mai zuba wa jirgi gawayi. Shi ya ba saƙo, ya kawo masa 'ya'yan magarya a gwangwani.

Nan ne labarin ya fara ba ni dariya, ita ma tana faɗa tana dariya. Malam Garba ya shuka ta yadda duk mutumin Arewa zai shuka itace. Ya haƙa rami, ya yi masa baki don ruwa ya taru, kullum a nan yake alwala. Ta tsiro gwanin sha'awa. Damina ta sauka, ramin ya zama tafki, ta ruɓe.

Shekara ta zagayo ya sake shukawa. A ganinsa abinci ne bai ishe ta ba, sai ya ƙara zurfin ramin ya zuba taki. Ta sake ruɓewa, har ta fi ta farko sauri.

Iya ta ce, "Mutumin Arewa duk abin da ya shuka ƙishirwa yake jiye masa. Shi a duniyarsa bai taɓa jin an ce ruwa ya kashe itace ba."

Wani Bayarabe manomin goro da doya da ke kawo kaya Zango shi ya gan shi a tsugune kan ramin kamar mai zaman makoki. Ba Hausa a bakin wancan, ba Yarabanci a bakin wannan. Mutumin ya kama hannunsa ya kai shi gona, ya nuna masa tudun doya, ya nuna sama, ya nuna ƙasa. A nan, abin da kake so ya rayu ɗaga shi ake yi.

Malam Garba ya dawo ya cike ramin, ya yi tudu. Ta uku ta kama.

Daga nan duk gidan ya bi bayanta. Magarya rana take so, don haka mangwaro ya koma jikin katanga. Ba ta son jiƙa, aka karkatar da ƙasa ruwa ya guje ta. Tana kama riga, hanya ta yi kwana. Duk abin da na yi ta mamaki tun ina yaro, amsarsa guda ce: wani mutum ne ke ƙoƙarin hana ƙafar itace ɗaya zama cikin ruwa.

Tun daga lokacin, in aka yi rasuwa a Zango gidan ake aikowa. Ba a saye, ba a godiya, a tsinka a tafi. Bayan Malam Garba, Iya ta ci gaba. Yanzu da motocin Arewa ke sauka kullum, garin magarya ga shi nan a leda a kasuwa, masu zuwa sun ragu. Amma ita ta sha faɗa mini, ba sau ɗaya ba:

"Ni da ganyen gidanmu za a yi mini. Abin da Innata ba ta samu ba, ni zan tafi da shi."

Na ɗauki abubuwa da yawa a gidan nan na kai gidajen masu kuɗi. Babba a ciki shi ne maganarta, "Kada ka taɓa fili sai ruwa ya nuna maka inda yake so ya bi." Har yau in na karɓi aiki da damina, nakan je in tsaya da lema a tsakar gidan mutum ina kallon ƙasa. Wani kwastoma a Ikorodu ya taɓa leƙowa ta taga ya tambayi maigadinsa ko lafiyata ƙalau.

Ta kuma ce kada in tambayi mai gida inda yake son wurin zama, in duba inda kujerarsa ta riga ta cinye ƙasa. Wannan ma bai taɓa ba ni kunya ba.

To bara aka gyara titin layinmu. An gode, amma an ɗaga shi, kwata ta koma saman gidaje. Da daminar bana ta kankama, ruwan titi ya riƙa shigowa ta zauren Iya ya zauna, yini guda bai tafi ba. Gidan da ya fi kowane saurin bushewa ya zama fadama.

Magarya ta fara rawaya. Ganye ya yi ta zuba har rassan suka koma tsirara.

A daidai lokacin ita ma Iya jiki ya ƙi, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rauni. Na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Angona, ni da ita tsere muke yi. Ka ga dai bai kamata ta riga ni ba."

Da wasa ta faɗa. Ni ban ji shi a wasa ba.

Nasiru, jikan nata, keke mai ƙafa uku yake ja na haya, kuma ɗakinsa ne ruwan ya fi ci. Ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, abeg ka faɗa mata gaskiya, kai take ji. Itacen nan ya mutu. Yarana a kan benci suke kwana saboda ruwa. A sare shi, a cike wurin, a zuba kankare kowa ya huta. Wahala don tu moc, ta yi yawa wallahi."

Ban ga laifinsa ba. Da a gidan kwastoma ne, ƙila abin da zan ce a yi ke nan.

Amma wata tambaya ta hana ni sakat. Duk shekarun nan, ruwan da ke gangarawa bayan gida ina yake zuwa? Na duba, babu kwata a can, babu rariya a katanga. Ruwa kuma ba ya ɓacewa haka kawai.

Na tambayi Iya. Ta ce ita yarinya ce lokacin, me ta sani? Na ce ta dai tuna ko mene ne. Can ta ce abin da take iya gani shi ne babanta yana dawowa daga tasha da kwando a ka, fuskarsa baƙi ƙirin, mutane suna masa tsiya wai Garba ya koma kwasar kashin jirgi. Wato ƙonannen gawayin da ake zubarwa daga cikin injin. Ta kuma tuna akwai ayaba a bayan gida, mai yawa, har ta gundure su.

Kashin jirgi da ayaba. Da su na yi ta juyi a raina.

Ranar Asabar da safe na zo da diga da shebur. Na roƙi Nasiru ya ba ni rabin yini kafin a yi maganar sara. Muka haƙa a gindin tudun. Ba mu yi nisa ba shebur ya fara ƙara, muka fito da wani abu baƙi, mara nauyi, duk huda-huda. Na riƙe shi a hannu ina juya shi. Gawayin da ya ja jirgi tun kafin a haifi ubana ne a tafina.

Ba a gindin kaɗai yake ba. Layi ne aka yi da shi a ƙarƙashin ƙasa, haɗe da fasassun tukwane, ya nufi bayan gida. Hanyar ruwa ce wadda ido ba ya gani. Muka bi ta da rodi muna soka ƙasa, har ta kai mu inda ta tsaya.

A ƙarƙashin rumfar keken Nasiru ta tsaya.

Nan ne ayabar take a da. Malam Garba rami ya yi a wurin ya cika da gawayin, ya dasa ayaba a baki tana shanye abin da ya taru. Da aka zo yin rumfa shekarun baya aka sare ayabar, aka dafe wurin da siminti. Ba wanda ya san an toshe wa gidan maƙogwaro. Ruwan sama kaɗai ƙasa tana iya lallaɓawa da shi, amma da na titi ya ƙaru sai abin ya fi ƙarfinta.

Nasiru ya daɗe yana kallon simintin. Rumfar nan a cikinta yake kulle kekensa, kuma duk wanda ya san Legas ya san abin da ake nufi da barin keke a waje.

Ya ce, "To keken fa? A kaina zan riƙa ɗora shi?"

Iya tana kan tabarma a bakin ɗakinta, ashe duk tana ji. Ta ce, "Angona, mayar da ƙasar ka rufe. Da abincin yara da wankan tsohuwa ai ba a haɗa su. Innata ma da sabulu aka yi mata, kuma ƙasa ba ta dawo da ita ba."

Wallahi ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Abin da ta riƙe tsawon rayuwarta ne ta ajiye, ko muryarta ba ta canja ba. Na tattara kayana na tafi gida raina a jagule.

Washegari ina karyawa na ji ƙarar guduma ta bayan katanga. Na leƙa. Nasiru ne, ba riga, yana fasa simintin rumfarsa. Ya ɗago ya ce, "Yaya, kallo za ka tsaya yi ko za ka zo? Na samu wuri a gidan wani abokina, can zan riƙa kwanar da shi."

Muka buɗe ramin, muka ƙara masa faɗi, muka cika da fasasshen bulo da tsakuwa. Na kawo 'ya'yan ayaba daga wajen ogana muka dasa. Muka ɗaga dokin ƙofar zaure don rage na titi.

Ruwan da ya biyo baya, ni da lemata muna tsakar gidan. Na ga ya taru, ya yi kamar zai zauna, sai ya fara ja da baya a hankali yana bin tsohuwar hanyarsa. A ranar yaran Nasiru suka koma kan katifa.

Magarya dai shiru. Mako ya bi mako, ba ganye ko ɗaya. Nakan kankare bawon da farce in ga ɗan kore-kore a ciki, amma ban yi wa Iya alkawari ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan masallaci, na biya. Ita ce ganawarmu ta ƙarshe.

Tun daga zaure na hango su. Ƙananan ganye, sababbi, masu sheƙi, sun feso a rassan da ke kallon gabas. Na yi ihu kamar yaro. Iya ta ce idonta ba ya kaiwa can, a kai ta. Ni da Nasiru muka ɗauke ta a kujerar roba, ba ta fi nauyin buhun ciyawa ba.

Ta miƙa hannu tana lalube. Ƙaya ta soke ta. Ta janye yatsa ta sa a baki, sai ta fashe da dariya.

"Ja'ira! Har yanzu tana cizo. To da ranta."

Ta sake miƙawa, a hankali wannan karon, tana shafa ganyen da yatsu.

Na ce, "Kaɗan ne fa, Iya. Ki ƙara mata lokaci su yi yawa."

Ta ce, "Ni ɗin nawa na rage? Dube ni fa. Tafi ɗaya ya ishe ni."

Sannan ta juyo wajen da take jin numfashinmu ta ce, "Ku ji nan, ku biyun. In lokacin ya zo, kada ku tsige ta tas saboda ni. Ku ɗiba a reshe ɗaya ku bar mata sauran. Akwai na baya."

Da zan tafi ta kwance bakin zane ta ba ni goro, wai kada a ce ango ya zo ya koma hannu rabbana. Yana aljihuna yanzu haka, na kasa ci.

Yau da safe ni na hau tudun. Nasiru ya riƙe ƙwarya yana kuka ba sauti. A reshe ɗaya na tsinka, kamar yadda ta ce. Ƙaya ta yi mini rabona. Da na sauko na duba ƙwaryar, tafi ɗaya ne, bai fi ba.

Muka miƙa wa mata. Muna zaune a zaure muka ji ƙarar turmi daga cikin gida, ana daka shi. A nan ne na kasa riƙe kaina.

Ta samu. Iya ta tafi da ganyen gidansu.

A hanyar dawowa daga maƙabarta wata tambaya ta faɗo mini, irin waɗanda da can ita nake kai wa. Na ce, "Nasiru, mahaifiyar Iya, ya sunanta?" Ya ce bai sani ba. Muka tambayi dattawan da ke tare da mu, babu wanda ya sani. Iya ba ta taɓa kama sunanta ba, Innata kawai take cewa. Matar da aka karkatar da gida guda saboda ita, aka wanke mutanen Zango da ba sa ƙirguwa da ganyen da ita ba ta samu ba, yau ba mai iya faɗin sunanta.

Allah Ya san shi.

Ya Allah Ka jiƙan Iya Ladi, Ka wanke ta daga kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa ta a inuwar da ba ƙaya. Ka jiƙan Malam Garba. Ka ba Nasiru da iyalinsa haƙuri, Ka buɗa masa fiye da abin da ya fasa da hannunsa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi mata addu'a, ko bai san ta ba. In kun ɗaga hannu kuma, kada ku sauke sai kun haɗa da Innarta.